Huɗar Gonar Aro

Ku samarin da ke zama a gindin dalbejiyar bakin hanya kuna kallona ina zagaya fili da shanu biyu suna jan gungume, na san abin da kuke faɗa. Kuna cewa Baba Iro ya samu sana'ar banza, yawo da shanu kawai yake yi ana sallamarsa. Rannan ma ɗayanku ya ce in aka ba shi bulala mai kyau da igiya mai ƙwari, kafin azahar zai sa kowane bijimi ya yi ladabi. Dariya kawai na yi, don ni ma na taɓa zama saurayi, na san yadda aiki yake da sauƙi a idon wanda ke zaune a inuwa. To tunda kun ce in ba ku labarin horar da shanun huɗa, ga shi, amma ku sani rabin labarin ba na shanu ba ne.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai karkiya, itacen da ake ɗora wa shanun biyu a wuya. Ni nake sassaƙa tawa, in kankare ta sumul, don in ta ci wuyan sa sau ɗaya, duk ranar da ya hango ta sai ya ja da baya. Akwai igiyar hanci, akwai sarƙa, akwai gungumen da suke fara ja kafin su ga garma, sai takunkumi don kada su riƙa kai baki ga shuka. Bulala kuwa ina da ita, tana rataye a zaure, jikokina ne suke korar kaji da ita.

Bijimin farko da aka ba ni in riƙe wani ja ne mai faɗin goshi, a gidan kawuna Malam Barau, can ƙasar Ƙanƙara. Wajensa na koyi aikin. Mutum ne gajere marar yawan magana, in yana tafiya gaban shanu sai ka ce barci yake ji. Na zo masa da zafina, ina ganin da na iso za a miƙo mini garma. Sai ya sa ni yankan ciyawa da cire kaska da kwashe kashin shanu, har na fara tunanin ko ya manta abin da ya kawo ni. Da ya ga na saba da su sun saba da ni, sannan ya nuna mini yadda ake huda hanci a bar shi ya warke sarai, yadda ake haɗa sabon sa da tsoho don tsohon ya koya masa tafiya, da yadda ake yawo da su da karkiya kaɗai kafin a ɗaura musu wani nauyi.

Wata safiya na iso turke raina a ɓace, mun yi cacar baki da wani a bakin rijiya kan guga. Ban faɗa wa kowa ba. Na miƙa hannu zan kwance jan bijimin, sai Kawu ya ce, “Dakata. Aza hannunka bisa tozonshi tukuna.”

Na ɗora. Fatar san ta yi yarr, ya kaɗa kunne, ya matsa gefe.

Kawu ya ce, “Yau ba ka taɓa mani igiya. Tahi ka yi ciyawa.”

Na ce, “Kawu, mi na yi?”

Ya ce, “Ni ban sani ba, shi ya sani. Igiyar ga da kake gani hanya ce. Abin da ke cikinka duka ta nan yake bi ya iske shi.”

Na tafi ciyawa ina ƙunƙuni. Da yamma muna cin tuwo ya yi mini wata tambaya da har yau ban ji wani ya yi irinta ba. Ya ce, “Kai hushinka ta ina yake shigowa?” Na ce ban gane ba. Ya ce kowa da ƙofar da nasa yake bi, shi nasa ta haƙora yake zuwa, sai ya ji ya datse su. Ya ce in je in gano tawa ƙofar, don ba a tare baƙon da ba a san ta inda zai ɓullo ba. Na daɗe ina lura kafin in gano. Nawa ta ƙeya yake farawa, sai in ji ta ɗauki zafi kamar an kara mini garwashi. Tun daga nan, da na ji ƙeyata ta yi ɗumi sai in sassauta igiya, in tsaya cak, in yi ɗan fito a hankali har ta huce. In abin ya yi yawa in ɗaure shanun, in nemi wuri in zauna, ko in yi alwala kamar yadda malamai suke horo. Kawu bai taɓa cewa kada in ji haushi ba. Cewa ya yi in na ji, kada in bar hannuna ya riga ni yanke shawara.

Da na koma gida wajen Sheme na kafa nawa turken, masu kawo shanu suka koya mini sauran karatun. Akwai wanda zai kawo maka ɗan maraƙin da bai gama ƙashi ba, ya ce bana yake so ya yi huɗa. Akwai wanda sai ruwa ya sauka yake tunawa da kai. Mafi wahala shi ne wanda ya gwada da kansa ya ɓata, sannan ya kawo maka gyara. Wani mutumin Faskari ya taɓa kawo mini sa mai kwanciya, irin wanda da an shiga gona sai ya zube a cikin kunya. An murɗa masa wutsiya, an zuba masa barkono a hanci, har wuta an hura kusa da shi. Da ya kwanta mini, sai na sami dutse na zauna na ciro gorona. Mai shi yana ta safa da marwa yana cewa, “Malam Iro, zama za ka yi?” Na ce, “Shi ma ai zamne yake.” Da san ya ga ba duka ba ihu, ya gaji da kwanciyar ya miƙe, muka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Haka muka yi ta yi har ya gane kwanciya ba ta kawo komai, ya daina.

Wannan sana'a ta yi mini rana ta inda ban zata ba. Mutumin da ya saba tsayawa gaban bijimi yana jiran zuciyarsa ta sauka, ba kasafai maganar mutane take kwana a ransa ba. Ina cin tuwona da daɗi, ina barcina lafiya. Maiɗakina takan ce in yara sun fasa tulu, ita ce mai faɗa, ni kuwa sai fito. Ina jin daɗin rayuwata, ba na ɓoyewa.

Sai shekarar da ɓarayin daji suka matsa mana. Wannan kun san ta, ba sai na ja ba. Shanu suka zama abin tsoro a gida, wanda ba a kore nasa ba sai ya kai su kasuwa ya rabu da su. Turkena ya zama fili, na rataye karkiyoyina a rumbu ina kaɗe musu gara. Na koma tufkar igiya da noman fartanya da tsufana. Raina ya ɓaci ƙwarai a wannan shekara, ba zan ce bai ɓaci ba. Amma na lura waɗanda suka zauna suna dafa baƙin ciki dare da rana sun fi ni ramewa, kuma hakan bai dawo musu da ko akuya ba. Ni dai na riƙe abin da hannuna zai iya, na bar wa Allah sauran.

A damina ta gaba ne, bayan abubuwa sun ɗan lafa a wajenmu, Malam Lawal ya yi mini sallama. Mutumin ƙasar Sabuwa ne, ya taso da iyalinsa bayan an kore masa shanu an ƙona masa rumbu. Wani mai gonaki a garinmu, Alhaji Sule, ya ba su ɗakuna a bayan gidansa, ya kuma ara masa gona, da sharaɗin ya huɗe ta kafin lokacin shukar masara ya wuce, in ba haka ba sai ya karɓe ta ya ba wani. Wannan gona ita ce abincin gidan Malam Lawal na shekara, ba shi da wata.

Ya zo da shanu biyu. Ɗaya fari ne ɗan matashi da surukinsa ya ba shi aro, bai taɓa ganin karkiya ba. Ɗayan baƙi ne, nasa na da, wanda ya kuɓuce wa ɓarayin ya dawo shi kaɗai, aka tsince shi a bakin tsohon garinsu. Haƙarƙarinsa duk a waje, bayansa duk tabon sanda, ƙahonsa ɗaya ya guntule. Malam Lawal ya ce, “Baba Iro, Baƙi ya san aiki, shekara da shekaru muna huɗa da shi. Farin kawai za ka koya mawa.”

Na duba na ga ba haka ba ne. Farin ba shi da matsala, ƙuruciya ce kawai. Baƙin ne aikin. In ka ɗaga hannu za ka gyara hula sai ya zabura. In kuwa ya ji ƙarar babur, ko daga nesa ne, sai jikinsa ya ɗauki ɓari, ya nemi tsinke igiya, don a kan babura aka zo aka kore su. Na ce wa Malam Lawal sai an bi shi a hankali. Na ɗaure shi can nesa da hanya inda ƙarar ke zuwa sama-sama, ina ba shi dusa da kanwa da hannuna, ina matso da turken kusa da hanya kaɗan-kaɗan. Farin kuma na fara yawo da shi shi kaɗai.

Ruwa kuwa bai jira mu ba. Aka huɗe gonakin maƙwabta, wasu har masara ta fara leƙowa. Kullum Malam Lawal sai ya zo ya tsaya a kaina, ya ga ina sosa wa Baƙi wuya, ya yi tsaki ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da aka raba da komai, ga yara, ga gona tana neman suɓuce masa.

Ranar kasuwar Sheme na kai bakin garma maƙera a wasa mini, a nan ya same ni. Bai ko yi sallama ba. Ya ɗaga murya har masu awo suka juyo.

“Kai dattijo, wai mi ka ɗauke ni? Ɗiyana na kwana da yunwa kana can kana sosa ma sa wuya kamar amarya! In ba ka iyawa ka hwaɗa mani! Ko an haɗa baki da kai ne a amshe gonar?”

Ƙeyata ta ɗauki wuta. Ina da jikoki, a gaban jama'a, ga wanda nake yi wa aiki don Allah yana ce mini maci amana. Amsa ta zo mini har bakin leɓe, kuma mai zafi ce, da na faɗe ta da ba mu ƙara gaisawa ba. Sai na sunkuya na ajiye ƙarfen da ke hannuna a ƙasa, na daɗe ina gyara masa zama kamar wani abin kirki nake yi. Da na ɗago na matsa kusa da shi yadda ba kowa zai ji ba, na ce, “Malam Lawal, gobe da sahe ka zo turke. Ka karya kumallo kahin ka taho.”

Ya tsaya yana huci, ya rasa abokin faɗa, ya juya ya tafi.

Labari ya riga shi isa gida. Alhaji Sule mutum ne da ba ya son hayaniya ko kaɗan. Ya aiko aka gaya wa Malam Lawal cewa shi bai saba ajiye mafaɗaci a gonarsa ba, in ya ƙara jin makamancin wannan, to a haƙura da aron. Kuma kowa ya san ƙanen matar Alhajin, wani mai suna Ɗanladi, ya daɗe yana zawarcin wannan gona.

Da safe Malam Lawal ya zo kansa a ƙasa. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ya bar wannan, ya je ya ɗora hannu a tozon sansa. Ya je ya ɗora. Baƙi ya zabura ya ja baya har igiya ta miƙe. Malam Lawal ya tsaya da hannu a sama. Shi ya rene shi tun yana maraƙi. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na kau da kai ina gyara sarƙa.

Can ya ce, “Har ni, Baba Iro?”

Na ce, “Ba kai yake gudu ba, abin da ka ɗauko yake gudu. Zamna.”

Ya zauna. Na yi masa tambayar Kawu, na ce fushinsa ta wace ƙofa yake shigowa. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, “Wace ƙohwa? Ni gidan duka ke cin wuta.” Na ce to mu fara da ɗebo ruwa. Na ba shi lauje. Daga ranar shi ke yi wa Baƙi ciyawa, shi ke ba shi dusa, shi ke cire masa kaska. Na ce in ya ji abin ya taso masa, ya ajiye duk abin da ke hannunsa, ya ja numfashi, kada ya yi magana sai ya ji ƙafafunsa a ƙasa. Ba zan ce muku ya zama wani mutum dabam ba. Wata rana ya iya, wata rana ya jefar da lauje ya tafi bayan gari ya dawo. Amma Baƙi ya fara cin dusa a tafin hannunsa, daga baya ya sunkuyar da wuya aka ɗora karkiya, shi da Fari suka ja gungume suka zagaya fili.

Muka shiga gonar a ƙurarren lokaci, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. Ni ina gaba riƙe da igiya, Malam Lawal yana baya riƙe da garma. Baƙi ya tuna aikinsa, ya shiga kunya ya miƙe, Fari yana binsa. Ƙasa tana tsagewa tana kwantawa gefe biyu, ƙamshinta yana tashi. Duk shekarun da na yi a wannan aiki, har yau in na ji wannan ƙamshi sai raina ya yi fari. Kafin hantsi mun ci wajen rabin gonar.

Sai ga babur. Ba a kan hanya ya tsaya ba, har bakin gonar ya shigo, ya ƙara wuta kafin ya kashe. Ɗanladi ne ya ɗauko Alhaji Sule su ga inda aka kwana.

Baƙi ya yi wani irin tsalle ya fizge. Ya ja Fari, ya ja garma, ya ja ni, ya yanka ta tsakiyar kunyoyin da muka gama ya ratsa su a karkace. In ka ja igiyar hanci da ƙarfi a irin wannan lokaci, ko hancin ya tsage ko san ya haukace gaba ɗaya. Na sassauta masa, ina binsa da gudu-gudu ina fito, har ya tsaya can tsakiyar gona yana ɓari, kumfa a bakinsa. Na waiwaya. Malam Lawal bai saki garmar ba, an ja shi har ya gurza gwiwa, wandonsa ya yage. Aikin safiya guda ya ɓaci a gaban mai gona.

Ɗanladi ya tako yana dariya, ya tsaya a kan kunyar da ta rushe. Ya ce, “Alhaji, diba mani nan. Wannan huɗa ce ko sawun maciji? Ai na hwaɗa maka, mutumin da bai iya riƙe nashi ba, ina zai iya riƙe na wani?”

Ni kaina sai da ƙeyata ta yi ɗumi, don wannan magana ba a yi wa wanda aka kore wa dukiya. Alhaji kuwa Malam Lawal kawai yake kallo. Na san abin da yake jira, Ɗanladi ma ya sani, shi ya sa ya faɗa. Ina riƙe da sa mai ɓari, ba ni da halin zuwa in shiga tsakani. Na ga jijiyar wuyan Malam Lawal ta tashi, na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana dubanta.

Sannan ya ɗago ya ce, “Sannunku da zuwa, Alhaji. Gaskiyar Malam Ɗanladi ne, wannan ta maciji ce. San ne ya tsorata, kuma yana da dalili. In an ba mu zuwa gobe, za a ga ta mutane.”

Bai ɗaga murya ba.

Alhaji Sule ya dubi kunyoyin da suka tsira, ya dubi tabon da ke bayan Baƙi. Ya juya ga ƙanen matarsa ya ce, “Ɗanladi, tura babur ɗin ga da hannu har bakin hanya kahin ka tada shi.” Ya fara tafiya, sai ya waiwayo. “Malam Lawal, gonarka ce bana. In ka gama ka aiko a amsar maka iri.”

Muka tsaya muna kallonsu, Alhaji a gaba, Ɗanladi yana tura babur cikin laka yana zamewa. Sai da suka ɓace Baƙi ya daina ɓari. Na ce, “To Malam Lawal, saki garmar mu sha ruwa, mu ba su hutu.”

Bai motsa ba. Ya ce, “Baba Iro, zo ka taimake ni. Hannuna ya ƙi buɗewa.”

Na je na duba. Ya damƙe ƙarfen har yatsunsa sun sandare a kai. Na ɓamɓare masa su ɗaya bayan ɗaya, yana dariya hawaye na zuba. Muka sha ruwa, muka juya shanun, muka koma kan kunyar farko da ta rushe.